Rufe iyaka, faɗuwar naira da hawan jini: abin da damuwa take yi wa zuciya a ƙasar Ƙonni

A Birnin Ƙonni, kafin a gama gaisuwar safe an riga an tambayi yadda canjin naira ya kwana. Wannan ba abin mamaki ba ne ga wanda ya san garin, domin yana zaune ne a kan babbar hanyar da ta haɗa Yamai da Maraɗi da Damagaram, kuma ƴan kilomita kaɗan ne tsakaninsa da Illela ta Najeriya, wadda bai kamata a haɗa ta da Illelarmu ta jahar Tawa ba. Abincin mutanen wannan yanki a bakin iyaka yake. Mai canji da direban babbar mota, ɗan kabu-kabu da mai sayar da mai a kwalba, dillalin albasa da ma'aikacin duwan, kowa yana kwana yana tashi da sanin cewa wani hukunci da za a yanke a Abuja ko a Yamai, ba tare da an shawarce shi ba, yana iya cinye jarin shekara goma cikin mako guda.

Dattawan kasuwa ba su manta da watan Janairu na 1994 ba, lokacin da aka karya darajar sefa ta koma rabi. Tsofaffin ma'aikata kuma suna tune da watannin da suka yi ba albashi a cikin shekarun 1990. Na baya-bayan nan ma sun ga nasu. A watan Agusta na 2019 Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa, ba ta buɗe ta Illela ba sai a Disamba 2020. A ƙarshen 2022 aka sake takardun naira, masu tsofaffin kuɗi a akwati suka shiga uku. Ranar 29 ga Mayu 2023 aka janye tallafin mai a Najeriya, bayan ƴan makonni aka saki naira, dalar Amurka da ake saya ƙasa da naira 500 a farashin hukuma ta haura 1,500 a farkon 2024. Ana cikin wannan sai ga takunkumin CEDEAO bayan 26 ga Yuli 2023: aka rufe iyaka, aka yanke wutar lantarki, manyan motoci suka yi layi da kaya suna lalacewa, har zuwa watan Maris na 2024.

Wanda yake nesa da iyaka ma bai tsira ba. Manomin albasa na Galmi ko na Dogarawa, a gundumar Malbaza, yakan ci bashin iri da taki da man injin ban ruwa, sa'an nan ya cire albasarsa a lokacin da kowa ya cire tasa, farashi ya faɗi. In ya ajiye ta jiran tsada, kullum yana zullumin ruɓa. Mai kai dabbobi kasuwar Badagishiri ko ta Gidan Idar yana kallon farashin hatsi kamar yadda mai canji yake kallon naira. Malamin lakwal da aka tura wani ƙauye na gundumar Illela, iyalinsa suna Tawa, banki yana cire rabin albashinsa saboda bashin da ya ci don ragon layya, shi ma ba barci yake yi ba. Duk waɗannan sun iya lissafin asarar aljihu. Wadda muke son mu yi magana a kanta ita ce ta cikin ƙirji.

Idan Bahaushe ya ce tunani ne ya sa wa wane hawan jini, bai yi nisa da maganar likitoci ba. A saman kowace ƙoda akwai wani ɗan ƙullutu wanda, da zarar mutum ya firgita ko ya fusata, yake zuba wasu sinadarai cikin jini, waɗanda ake kira adirenalin da kotizol. Nan take zuciya ta ƙara sauri, jijiyoyin jini su tsuke, hanta ta sako sukari, jini kuma ya zama mai saurin daskarewa. An halicci jiki haka domin mutum ya kuɓuta daga haɗari: wanda ya taka maciji a gona yana bukatar wannan ƙarfi na ƴan mintoci, in ya tsira jikinsa ya kwanta. To, bashi ba maciji ba ne da za a tsallake a wuce. Yana bin mutum shago, ya bi shi masallaci, ya kwanta tare da shi. Zuciya tana bugawa kusan sau 100,000 a kowace rana. In ta daɗe tana tura jini cikin tsukakkun jijiyoyi sai namanta ya yi kauri, daga baya ya gaji, su kuma jijiyoyin ƙwaƙwalwa da na ƙoda da na ido su riƙa lalacewa a hankali.

An auna wannan abu, ba zato ba ne. A shekarar 2004 aka bayyana sakamakon wani babban bincike mai suna INTERHEART, wanda Farfesa Salim Yusuf na ƙasar Kanada ya jagoranta a ƙasashe 52. An gano cewa masu zama cikin damuwa kullum, a gida ko a wurin aiki, haɗarin toshewar jijiyar zuciya ya ninka a kansu kusan sau biyu, matsanancin ƙuncin kuɗi kuma yana ƙara haɗarin da kamar kashi ɗaya cikin uku. Wanda ya fi kusa da mu shi ne binciken SIREN na 2018, da aka yi a asibitocin Gana da Najeriya, har da na Kano da Zariya, a kan mutane fiye da 2,000 da suka sami shanyewar ɓarin jiki. Kusan tara cikin goma na wannan ciwo an danganta shi da hawan jini. Damuwa ta kusan ninka haɗarin, haka nan barbaɗa gishiri a kan abincin da aka riga aka dafa, da ƙarancin cin ganye.

Ga ma'aikatan gwamnati akwai wani labari da ya cancanci a tsaya a kansa. Tun daga 1967 aka shiga bin lafiyar ma'aikata kusan 18,000 a ma'aikatun birnin Landan na ƙasar Ingila. Kowa ya ɗauka manyan daraktoci, masu nauyin ƙasa a ka, su ne ciwon zuciya zai fi kashewa. Sai aka tarar masinjoji da masu gadin ƙofa suna mutuwa da shi kusan ninki uku na manyan, kuma kowane mataki na aiki ya fi na samansa shan wahala. Shan taba da ƙiba ba su isa su bayyana dukan bambancin ba. Da aka sake wani zagaye daga 1985 a ƙarƙashin Michael Marmot, sai ya fito fili cewa wani babban dalili shi ne rashin ta cewa: a ɗora wa mutum aiki, amma ba shi da iko a kan yadda zai yi shi, ko yaushe, ko abin da zai biyo baya. A ganinmu wannan ita ce ainihin cutar bakin iyaka. Yawan aiki bai taɓa tsorata mutumin Adar ko na Ƙonni ba. Abin da yake cinsa shi ne jiran abin da ba ya hannunsa. Shugabannin ma'aikatu da iyayen gida na kasuwa su ma su duba: yaron shagon da bai san ranar sallamarsa ba, da ƙaramin ma'aikacin da ake tsawata wa a gaban jama'a, su ne masinjojin Landan na nan gida.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a 2023 cewa baligi ɗaya cikin uku a duniya yana da hawan jini, kuma kusan rabinsu ba su sani ba. A nan Nijar, binciken da ma'aikatar lafiya ta gudanar a 2021 ya nuna ya kama fiye da baligi ɗaya cikin huɗu. Mugun halin wannan ciwo, wanda ma'aikata suka fi sani da sunan tansiyo, shi ne yawanci ba ya ciwo. Mutum yana iya shekara biyar da shi yana cin tuwonsa yana zuwa kasuwa. Mata kan sami awo a lokacin awon ciki; namiji kuwa sau da yawa awonsa na farko shi ne ranar da aka kwaso shi ranga-ranga.

A nan ne maganar nan ta tunani take zama tarko. Tun da an ce tunani ne ya kawo shi, sai mutum ya ɗauka in tunanin ya wuce ciwon ya wuce. An buɗe iyaka, kaya sun shigo, an biya bashi, sai a jefar da ƙwayoyin a aljihun tebur. Alhali kuwa damuwa ɗaya ce daga cikin sababai. Akwai gado, akwai shekaru, akwai gishiri, akwai ƙiba da ciwon ƙoda. Ga mafi yawan waɗanda likita ya ɗora a kan magani, irin su amlodipine, shansa na kullum ne, kuma saukar awo alama ce ta cewa maganin yana aiki. Watan azumi ma ba dalilin dainawa ba ne: a tambayi likita ya mayar da lokacin sha zuwa sahur ko buɗa-baki. Zoɓo yana ɗan sauke jini kamar yadda wasu gwaje-gwaje suka nuna, in ba a cika shi da sukari ba, amma ba ya maye gurbin magani, balle garin da ake talla da lasifika ranar kasuwa ana cewa yana warkar da cuta arba'in.

Abin da ke hannun mutum

Babu ɗan kasuwar Ƙonni da zai iya tsayar da naira. Amma cikin damuwar da take hana shi barci akwai kashin da shi ne mai iko da shi, kuma na farko shi ne bashi. An ce bashi hanji ne, yana cikin kowa. Wanda ya fi cin rai shi ne wanda ba a rubuta ba: an ba da buhu hamsin bisa amana, ba ranar biya, ba shaida, ba a ma faɗi ko da naira za a biya ko da sefa ba. In canji ya juya sai a koma gardama, zumunci ya ɓaci, kowa ya kwana yana juyi. Aya mafi tsawo a cikin Alƙur'ani mai girma, a surar Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu take, amma sai ka ga mai kunyar ya ce wa abokin cinikinsa a rubuta. Littafi ɗaya na jika guda, da aka rubuta abin da ake bin mutum da abin da yake bi, da irin kuɗin da ranar biya, yana mayar da dodon da ba a gani ya zama lissafin da za a iya fuskanta. Ga ma'aikaci kuma, layya da komawa lakwal ba sa zuwa ba zato. Adashin da aka fara tun da wuri ya fi bashin da za a yi shekara ana yanka daga albashi.

Na biyu barci. Baligi yana bukatar awa bakwai ko fiye, kuma a cikin barci ne jini yake sauka zuciya ta huta. A watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafi yake haura digiri 40, barci da ma wuya yake yi. Sai mutum ya ƙara wa kansa da wayar hannu, yana sauraren saƙonnin WhatsApp na farashi da jita-jitar rufe hanya har ƙarfe ɗaya na dare, alhali babu cinikin da zai ƙulla kafin asuba. Ga kuma shayin fada mai zagaye uku bayan isha'i, ga goro, ga Nescafé, dukansu suna ɗauke da sinadarin da yake korar barci, yana ɗaga jini na ɗan lokaci. Ba mu ce a haramta wa Bahaushe goro ba, wannan yaƙi ne da ba mai cinsa. Amma a mayar da shi na safe da hantsi. Taba sigari kam babu sassauci a kanta, domin kowane kara yana tsuke jijiya, kuma natsuwar da mai sha yake ji ta ƙishirwar tabar ce kawai da ta lafa. Tramol da direbobi da leburori suke sha don jure gajiya yana jawo jaraba da farfaɗiya. Ƙwayoyin ciwon jiki na ƴan talla, irin su diclofenac da ibuprofen, in an mayar da su na kullum suna ɗaga jini, suna ɓata ƙoda. Wanda kuma iyalinsa suka ce yana minshari mai ƙarfi har numfashinsa yana ɗaukewa, ya gaya wa likita, don wannan ma yana da alaƙa da hawan jini.

Sai gishiri. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce kada baligi ya wuce giram 5 a rana, wato bai cika ƙaramin cokalin shayi ba, a haɗe da wanda ke cikin miya da burodi da kilishi da yajin tsire. Dunƙulen ɗanɗano da ake jefawa uku huɗu a tukunya, kusan rabinsa gishiri ne. Kanwa ma danginsa ce: tun a shekarun 1970 likitoci a Zariya suka lura da yawan gazawar zuciya ga mata masu jego, suka danganta shi da yawan kunun kanwa da kwanciya a kan gadon wuta. Maigida mai hawan jini ba zai iya wannan gyara shi kaɗai ba, sai ya zauna da uwargida, kuma gara a rage wa tukunyar gidan duka a hankali da a ware masa kwano kamar majinyaci. Harshe yakan saba cikin ƴan makonni. Abin farin ciki, maganin yana bayan gida: zogale, rama, tafasa, yakuwa, ga tumatir da kabeji na gandun noman rani na Ƙonni da fadamun Magiya.

Tafiya a ƙasa kuwa kabu-kabu ya kashe ta. Mai shago yana hawa babur daga ƙofar gida zuwa ƙofar shago, ya zauna a kan tabarma daga safe zuwa la'asar. Abin da ake nema minti 150 ne a mako na tafiya mai ɗan sauri, wato rabin awa a kwana biyar. Bayan sallar asuba, kafin rana ta yi zafi, ya isa.

Akwai kuma abin da ya fi waɗannan wuyar faɗi. An tarbiyyantar da mu a kan cewa ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, namiji ba ya kuka, mai jari ba ya nuna ya karye don kada masu ba shi kaya su janye. Rufin asiri abu ne mai kyau, amma haƙuri daban, haɗiye wuta daban. Mutum ɗaya amintacce, ɗan'uwa ko aboki ko malami, wanda za a gaya wa gaskiyar halin da ake ciki, yana rage nauyi, wani lokaci ma shi ne zai shiga tsakani a sassauta ranar biya. Game da fushi, malamai sun daɗe suna karantar da cewa mai fushi ya yi shiru, in yana tsaye ya zauna, ya yi alwala. Likitoci kuma sun tabbatar cewa a cikin awa biyu bayan mummunar fusata haɗarin bugun zuciya yana ƙaruwa. Jan numfashi a hankali na ƴan mintoci, a shaƙa ta hanci a fitar sannu, yana rage saurin zuciya nan take. Wanda damuwarsa ta kai ya daina cin abinci, ya daina sha'awar komai har makonni, ko ya fara jin gara ya mutu, wannan ya zama ciwo mai magani, asibiti za a kai shi.

Sha huɗu bisa tara

Mutanen iyaka suna da wani ruɗani nasu na musamman. Malamin asibiti a Ƙonni zai ce maka awonka 14 bisa 9, na Sakkwato ya ce 140 bisa 90. Abu ɗaya ne, sifili kawai aka cire bisa al'adar Faransa. Kada wanda aka gaya wa 160 a can ya dawo nan a ce 16 ya ɗauka ya warke. Daga 14 bisa 9 zuwa sama, in an same shi a ranaku biyu dabam-dabam, shi ne hawan jini. Awon yana da ladabinsa: a zauna minti biyar tukuna, ba goro ba taba ba kofi cikin rabin awar da ta wuce, baya a jingine, hannu a kan tebur daidai ƙirji, ba magana. A rubuta lambar da kwanan wata a takarda, a riƙa zuwa da ita. Ana yin wannan awo a cibiyoyin lafiya na CSI da asibitocin gunduma, kuma ba ya cin minti goma.

Na'urar awon mai batir ba ta kai kuɗin wayar hannu mai kyau ba. Ƙungiyoyin ƴan albasa, da na direbobi a tashar Ƙonni da mararrabar Tsarnawa, da na ma'aikatan kamfanin siminti na Malbaza, da ƙungiyoyin malaman lakwal, duk suna tara kuɗi don biki da ta'aziyya. Babu abin da zai hana kowace ta sayi guda, ta nemi wani malamin asibiti ya koya wa mutum biyu aiki da ita, a ajiye ta a ofis ranar kasuwa ko ranar taro.

In kuwa abin ya riga ya faru, alamunsa sanannu ne. Baki ya karkace, hannu ko ƙafa ta ɓangare ɗaya ta saki, magana ta sarƙe ko gani ya dushe farat ɗaya: wannan jijiyar ƙwaƙwalwa ce ta toshe ko ta fashe. Nauyi ko matsi a tsakiyar ƙirji wanda ya wuce ƴan mintoci, yana tafiya hannun hagu ko muƙamuƙi, da gumi da ƙarancin numfashi: wannan zuciya ce. A irin wannan hali ba a ɗura wa mutum ruwa ko rubutu a baki, domin wanda ɓarinsa ya shanye yana iya shaƙewa, ba a kuma jira gari ya waye. A kwantar da shi a gefensa in ya fita hayyacinsa, a lura da lokacin da abin ya fara don a gaya wa likita, a ɗauki magungunan da yake sha, a nemi mota. Na Ƙonni da na Illela suna da asibitin gunduma, na Malbaza da Dogarawa suna kusa da asibitin Galmi da aka buɗe tun 1950, daga nan ne ake tura wanda abin ya yi wa tsanani zuwa babban asibitin Tawa ko Yamai. Addu'a kuma ana iya yin ta a cikin motar.